Tsakanin Ba da Ta

A shekarar da aka kulle gari saboda annoba, aka hana kasuwa aka hana Juma'a, har azumi ya zo ya wuce ba a zauna tafsiri a masallatai ba, a shekarar na koyi ajiye karatu a waya. Kafin nan waya a wurina ta kira ce da amsa kira. Rumfar turarena tana rufe, ina zaune a soron gidanmu a Dala, ba abin da ke shigowa sai labarin rasuwa. Tsofaffin ɗaliban mahaifina suka buɗe zaure a waya suka saka ni a ciki, kowa yana turo abin da ya tsinta: tarihin ƙofofin gari, fatawar malamai, bayanin magunguna, rayuwar bayin Allah da suka gabata. Ni kuwa boko da girmana na koye shi, a ajin yamma, don haka a hankali nake bin sa, kamar mai tsallaka kwata da sabon takalmi. Ajami ne na buɗe ido na gani. Duk abin da ya yi mini tsawo sai in danna in ajiye, in ce sai na samu sarari.

Sararin bai zo ba sai da ido ya tafi. Bayan shekara biyu ko fiye likita ya ce hawan jinin ido ne, ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce abin da ya rage shi za a riƙe, wanda ya tafi ya tafi. Alƙur'ani alhamdulillahi yana kaina. Amma tun ina saurayi nake da al'ada, in an idar da asuba na gama wuridi sai in ɗauki wani abu in karanta har rana ta fito sosai. Wannan zaman shi ne ya gagara. Sai in riƙe littafi ina kallon baƙaƙe suna narkewa kamar an zuba wa allo ruwa.

Maiɗakina ce ta kawo dabara. Ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye aiki, kuma waya ba ta ba ta tsoro. Ta ce, "Malam, ai akwai abin da zai karanta maka duk tarkacen nan da ka tara."

"Karatu ne tarkace?"

"Abin da aka tara ba a taɓa ba ai tarkace ne, ko da zinariya ce. Kawo wayar."

Ta saka wata manhaja, ta jera mini abubuwan da na ajiye ɗaya bayan ɗaya, ta nuna mini inda zan ɗora yatsa ya fara da inda zan taɓa ya tsaya. Muryar farko da ta fito ta wata baturiya ce, tana tauna Hausa kamar mai cin tuwo da zafi. Na ce a kashe. Ta yi ta nema har ta samo wata muryar da ta fi dama, ta namiji, wadda in an rubuta Hausa daidai tana ƙoƙarin faɗinta daidai.

In an rubuta daidai, na ce. A nan fushina ya fara, kuma har yau bai gama sauka ba.

Ashe mutanenmu sun daina rubutu, sai dai su watsa haruffa su wuce. Ba mai sa wa harafi ƙugiyarsa. Ƙasa da kasa duk ɗaya, baƙi da baki duk ɗaya. Kalma biyu a manne su, kalma ɗaya a raba ta. Ita kuwa na'ura ba ta da kunya ba ta da tunani, abin da aka ba ta shi take amayarwa. Sai in ji ta ce wai wani malami ya shiga daki, ko an kama barawo. Wanda ya fi ci mini rai shi ne salati. Mutum ya ambaci Fiyayyen Halitta, ya kasa rubuta masa salati cikakke, sai ya jefa haruffa uku a cikin baka ya yi gaba. Na'urar ta haɗa su ta ce "so". Ranar da na fara jin haka na miƙe tsaye. Na ce wace irin gaggawa ce wannan, ina za ku? Wa yake koro ku? Mu da muke rubutu da alƙalamin kara, kowane layi sai mun tsoma a tawada, ba mu taɓa gajiya da salati ba. Daga ranar, duk inda ta ce "so" sai in taɓa ta tsaya, in yi salatin da bakina, sannan in sake ta.

Duk da haka na saba. Kowace safiya in na dawo daga masallaci maiɗakina ta ajiye mini kunu, in jingina wayar da butar alwala in saurara. Wani lokaci rubutu ɗaya, wani lokaci rabi, in ya yi nauyi in maimaita shi washegari. An ce gani ya kori ji, ni kam ji ne ya zauna a gurbin gani. Kunnena kuma ya koyi aikin da marubutan suka ƙi yi. In ta ce daki, in ji ɗaki. In ta ce kofa, in ji ƙofa. In ta ce an bata lokaci, in ji an ɓata lokaci. Har ya zama ban ma san ina gyarawa ba.

A cikin masu turo rubutu akwai wani Alhaji, sa'ana, ɗan Ƙofar Mazugal. Tare muka durƙusa gaban mahaifina muna yara, muka yi sauka a shekara ɗaya. Daga baya shi ya bi boko ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ni na bi kasuwa. Yana ce mini gardi, ina ce masa akawu. Da ya zauna gida sai ya ɗauki rubuta tarihin makarantun soro na cikin gari, kuma ba laifi, yana da tuni mai kyau. Wata rana ya kira ni ya ce ya rubuta na makarantarmu, in saurara in gaya masa in akwai gyara. Na yi murna. Na ce wa maiɗakina ta sa shi a gaba.

Dole in faɗi wani abu kan makarantar don a gane. Ba mahaifina ne ya kafa ta ba, baffansa ne. Da baffan ya rasu aka yi saɓani kan wanda zai zauna a buzunsa, tsakanin mahaifina da ɗan marigayin. Dattawan unguwa suka zaunar da mahaifina saboda ya fi karatu. Wancan gidan ba su taɓa mantawa ba. A hannun mahaifina makarantar ta cika har ana shimfiɗa tabarma a waje, mutane suna zuwa daga ƙauyuka ɗaukar karatu, aka riƙa kiranta makarantar mai haƙuri, don ba ya duka. Shekara da shekaru bai taɓa sa wa ɗalibi farashi ba. Bayan rasuwarsa ta ragu, yanzu ma an mayar da ita wani wuri.

Da safen nan na saurara ina murmushi. Alhaji ya kawo baffan, ya kawo bishiyar da ke ƙofar soro, ya kawo rasuwar, ya iso kan mahaifina. Sai muryar ta ce, ba hawa ba sauka: "Da Malam ya karbi makarantar, shine ya bata sunan da take dashi."

Na taɓa ta tsaya. Na mayar baya. Ta sake faɗa. Shi ne ya ɓata sunan da take da shi. Haka na ji, haka kuma ya shiga ƙirjina.

Kunun ya huce a gabana. Mutumin da mahaifina ya riƙe wa hannu ya koya masa jan baƙi, wanda in ya zo da yunwa a gidanmu yake ci, yau shi ne zai zauna a kan kujerarsa ta ritaya ya rubuta wa duniya cewa Malam ya ɓata sunan makaranta? Kuma ya kira ni da bakinsa ya ce in saurara?

Na ƙwalla wa maiɗakina kira. Ta zo tana goge hannu, ta sa tabarau ta duba.

"Malam, ni fa ba ta na gani. Ya ba ta suna. Yabo ne."

"Karanta mini harafi harafi."

"Ba, a, ta, a."

"Akwai tazara a tsakani?"

Ta sake dubawa. "Babu."

"Akwai ƙugiya?"

"Babu. Amma ai duk rubutun ba ƙugiya ko ɗaya, ga karɓi nan ma bai sa ba."

"To kin gani. In karbi karɓi ne, me zai hana bata ta zama ɓata?"

"Hankali zai hana. Mutumin da ya yi shafi guda yana yabon surukina zai juya ya zage shi a layi ɗaya? Kai dai kunnenka ya saba sa ƙugiya, yanzu har inda ba a aike shi ba yana sawa."

Na san akwai gaskiya a maganarta. Ko a ajami akwai masu rubuta ba da ɓa iri ɗaya, mai karatu ne yake duba gaba da baya ya gane. Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. Amma bayan la'asar, muna fitowa daga masallaci, wani maƙwabcinmu tela ya riƙe hannuna ya rage murya ya ce, "Malam, sai haƙuri. Na ga abin da aka rubuta. Wanda ya mutu ai sai addu'a, bai kamata a tono ba." Shi da idonsa ya karanta, ba na'ura. Na koma gida na sa maiɗakina ta duba abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashi. Da yawa sun yi addu'a. Amma wani ya ce Allah Ya yafe masa kurakuransa. Wani yaro da bai taɓa ganin mahaifina ba ya ce ashe haka aka yi. Kuma rubutun ya riga ya fita daga zaurenmu, an tura shi wasu wurare.

Washegari da hantsi na hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Mazugal. Na same shi a ƙofar gida yana shan shayi.

"A'a, gardi da kansa! Ka ji tarihin? Na san za ka zo da gyara, ku ba a iya muku."

Ban zauna ba. Na ce, "Alhaji, me Malam ya yi wa sunan makaranta?"

"Kamar yaya?"

"Ba ta ya yi, ko ɓatawa ya yi?"

Ya ɗauko waya ya nemo wurin, ya karanta, sai ya fashe da dariya har shayin yana zuba. "Haba Malam! Wannan ai ko yaron firamare ya gane. Ya ba ta suna mana. Kai da na'urarka kuka haɗu, makaho da kurma."

Wallahi da ya ce mini kuskure ne, da a nan ta ƙare. Dariyar ce ta ƙona ni. Na ce masa tela ba na'ura ba ne. Na ce masa yaron da ya rubuta ashe haka aka yi ba makaho ba ne. Ya ce mutane ne ba sa karatu da natsuwa, wannan ba laifinsa ba ne. Ya ce wayarsa ba ta da haruffa masu ƙugiya.

"Tazara fa? Ita ma wayarka ba ta da ita?"

"Yanzu saboda ɗan fili tsakanin harafi biyu ka hau mota ka zo?"

"Saboda shi. Kai da kake akawu, in aka manta ɗigo ɗaya a takardar fanshonka, zama za ka yi ka ce kowa ya gane?"

"Wannan daban."

"Daban ne, don wancan naka ne. Ka tuna ranar da ka bar wasali ɗaya a allonka Malam ya sa ka wanke duka? Ka yi kuka, ya ce maka harafi amana ne. Mutumin nan ya karantar da kai bai karɓi ko ƙwayar gero ba. Duk haƙƙinsa a kanka bai kai ka ɗaga babban yatsanka sau ɗaya ba?"

Fuskarsa ta canja. Ya ce kada in kawo masa maganar haƙƙi, shi ya san abin da Malam yake a wurinsa, kuma duk cikinmu wa ya zauna ya rubuta tarihin in ba shi ba? Ya ce zai gyara in ya samu lokaci. Na ce gyaran me, bayan abu ya shiga duniya? Na juyo ban yi masa sallama ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban kunna wayar ba. In na dawo daga asuba sai in zauna da kunu da shiru. Maiɗakina ta ce, "Wai da wa kake gaba, da Alhaji ko da waya?" Na ce da duka. Ina jin haushin muryar da ba ta san wanda take magana a kansa ba. Ina jin haushin masu rubutu da gudu. Ina jin haushin idona, don da yana nan da na ga layin tare da 'yan'uwansa na sama da na ƙasa. Abin da ya fi damuna shi ne, mu da muka san Malam ƙarewa muke yi, kowace shekara ana ɗauke wasu. Nan gaba kaɗan ba wanda zai ce a'a, ba haka yake ba. Layin nan ne zai rage yana yawo daga waya zuwa waya, duk wanda ya ga dama ya sa masa ƙugiya.

Ranar wata Alhamis da hantsi na ji sallama a soro. Muryar Alhaji ce, amma ba ta da ƙarfin da na sani. Na amsa. Ya cire takalmi ya zauna a tabarma, bai nemi kujera ba.

"Malam, jiya an kira ni."

"Wa ya kira ka?"

"Jikan wancan gidan ne. Ya kira yana yi mini godiya. Wai sai yanzu aka samu mai tsoron Allah da ya faɗi gaskiya, wai kakansa ya mutu da baƙin cikin abin. Har yana neman izini ya buga shi a takarda ya raba." Ya numfasa. "Na ce masa ba haka nake nufi ba. Ya ce kada in ji tsoro."

"Yaron firamare ne shi?"

"Gardi, ka bar ni da abin da ke damuna."

"Ba zan bar ka ba. Ka ce makaho da kurma."

"Na ce. Bakina ne, na janye." Ya fito da wayarsa. "Na gyara rubutun, na raba kalmar, na sake turawa. 'Yata ta saka mini haruffan ma, ashe suna nan, sai ka danne harafin ya daɗe."

"Ashe wayar tana da ƙugiya."

"Tana da ita."

Na ce masa gyaran ya yi, amma bai isa ba. Wanda ya karanta na farko ba zai koma ya nemi tazara a na biyu ba. Na ce da baki aka karantar da shi, da baki zai biya. Ya karanta tarihin duka da muryarsa, a naɗa, a tura duk inda na farkon ya je, har wa jikan nan. Murya ba a sa mata ƙugiya.

"Ni da muryata kamar ta tsohon injin markaɗe?"

"Ta fi ta na'ura."

Maiɗakina ta leƙo ta gaishe shi, ta karɓi wayar ta danna musu wurin naɗi, ta koma ciki tana cewa Allah Ya shirya tsofaffi. Ya gyara zama, ya yi basmala, ya yi salati cikakke, ya fara. Da ya zo kan bishiyar ƙofar soro ya ce darbejiya, na ce kurna ce.

"Ana naɗa fa, Malam."

"A naɗa. Kurna ce, ka sha jifanta."

"Kurna ce," ya ce wa wayar, ya ci gaba.

Da ya iso layin sai ya rage gudu. Ya ce, "Da Malam ya karɓi makarantar, shi ne ya ba ta," ya tsaya, ya ja numfashi, "ya ba ta sunan da take da shi har yau." Sannan ya ajiye abin da ya rubuta ya yi magana daga kansa. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da unguwarsu. Ya ce shi ɗalibin Malam ne, a hannunsa ya yi sauka, bai taɓa ganin ya daki yaro ba, bai taɓa ganin ya mayar da mai neman karatu ba. Ya ce duk wanda ya fahimci wani abu daban daga rubutunsa na farko, kuskuren daga yatsansa ne, kuma yana roƙon kada a ɗora wa mamaci. Daga nan ya rufe da addu'a. Na ce amin, na ji maiɗakina ma ta ce amin daga tsakar gida.

Ya tura a gabana, yana kiran sunan kowane zaure yana dannawa. Na ƙarshe shi ne jikan wancan gidan. Ya ɗan yi jinkiri a kansa, sannan na ji ƙarar tafiyar saƙon.

Ya ce, "Saura me?"

"Ka turo mini nawa."

Ya turo. Na kira maiɗakina na ce ta sa mini shi a farkon jerin na gobe da safe, ta kuma haɗa wayar da caji.

"To, gardi," ya ce yana laluben takalminsa, "na biya?"

Na miƙa masa hannu. "Ka biya Malam. Zauna ka sha kunu."